Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masu sana'a tuwo a ƙwarya: idan aiki ya yi kyau, wa ya cancanci yabo, hannun da ya aikata ko kuwa kan da ya tsara? Za mu auna wannan tambaya da tarihin wasu abokai biyu na ƙasar Amurka, wato Walt Disney da Ub Iwerks, waɗanda zanensu mai motsi, wanda muke kira katun, ya game duniya.

Su biyun an haife su ne a 1901, suka haɗu a birnin Kansas a 1919 suna samari masu neman abinci da alƙalami. Da kamfanin Laugh-O-Gram ya karye a 1923, sai Walt ya yi ƙaura zuwa Holiwud, inda shi da wansa Roy suka kafa sabon kamfani, Iwerks kuma ya bi su a 1924. A 1928 dillalin finafinansu, Charles Mintz, ya raba su da zomon nan Oswald, domin a takarda mallakar kamfanin Universal ne, ya kuma janye yawancin masu zanensu. Iwerks ya ƙi tafiya. A ɓoye ya zauna ya fitar da kamannin ɓeran nan Mickey Mouse, kuma kusan shi kaɗai ya zana fim ɗin Plane Crazy, har an ruwaito cewa yakan yi zane 700 a yini. Ranar 18 ga Nuwamba, 1928, aka nuna Steamboat Willie a Niyok, ɓera ya yi suna. Amma da aka tashi ba da kyautar Oscar ta girmamawa a 1932 saboda ƙirƙiro Mickey, Walt aka miƙa wa.

A nan ne zuciya kan yi gaggawar yanke hukunci, ta ce kura ta sha bugu, gardi ya karɓe kuɗi. To sai dai mu dakata mu ji ƙarshen labari. A 1930 Iwerks ya sayar da kasonsa na kashi 20 cikin 100 a kan abin da bai kai dala 3,000 ba, ya kafa nasa kamfanin. Hannun bai canza ba, amma kwaɗonsa Flip bai shiga zukatan jama'a ba, a 1936 kamfanin ya durƙushe. Ashe muryar Mickey da halinsa da iya tsara labari da ƙarfin halin cin bashi don yin fim mai sauti, duk na Walt ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1940 Iwerks ya koma gidan jiya a matsayin ma'aikaci, ya duƙufa kan dabarun ɗaukar hoto, har ya sami nasa kyaututtukan.

Duk da haka ba mu wanke Walt tas ba. Gaskiya ne sunan Iwerks ya fito a allon finafinan farko, amma labarin haihuwar Mickey da ya bazu shi ne na Walt shi kaɗai a cikin jirgin ƙasa. Mutumin da ya ɗanɗana zafin rabuwa da Oswald ya fi kowa cancantar tuna abokin da ya tsaya masa ranar da kowa ya watse.

Abin da muka fahimta shi ne haƙƙin ma'aikaci kashi biyu ne, akwai lada, akwai ambato. Lada yarjejeniya ke yanke ta, ambato kuwa mutunci ne kaɗai ke tsaron sa. Walt ya rasu a 1966, Iwerks a 1971, Mickey na farko kuma ya zama na kowa tun farkon 2024. Mu da muke rubuce-rubuce da nazari, sai kowannenmu ya binciki kansa: hannu nawa ne a cikin aikin da ke ɗauke da sunanmu kaɗai, kuma yaushe rabon da mu ambace su?