Kangon Kantin Gyaɗa: Me Ya Rushe, Me Ya Saura?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Magajin ƙasa da abin da ke kanta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka: a ƙasar Magaria da Dungas, kudancin jihar Damagaram, tsoho ba ya ba da labarin arziki bai ambaci gyaɗa ba. Tun zamanin mulkin Faransa, da kaka ta yi sai manoma su ɗora buhuna kan jakai da raƙuma su nufi wuraren awo. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA ne ke riƙe da babban cinikin, a tara gyaɗar a kai Kano, jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa Legas. Bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Nijar ta kafa SONARA a 1962 don ta karɓi cinikin, aka kuma gina masana'antar man gyaɗa ta SEPANI a Magaria. Daga nan farin 1973 da 1974 ya zo, cutar da ke nannaɗe ganyen gyaɗa ta biyo baya a 1975. Manoma suka koma ga gero da wake, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, kantuna da sito-sito suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana bayan la'asar, wasu samari biyu ƴan zawiya suka shiga ɗaya daga cikin waɗannan kangaye tare da wani dattijo da ya san wurin tun yana ci. Kwanon rufin ya yi tsatsa, rabinsa iska ta tafi da shi. Gara ta cinye ƙofofi, jemagu sun mallake kusurwa, tumfafiya ta fasa siminti ta tsiro daidai inda ake jibge buhuna. A gefe guda ga gindin sikeli nan, ƙarfe kawai, ƙasa ta binne rabinsa.

Ɗaya saurayin ya fito da waya yana ɗaukar hoto don ya sa a Facebook. Ɗayan kuwa, wanda ke ƴar sana'ar kai wake da riɗi kasuwar Maigatari, kuma rufe iyaka na 2019 da na 2023 ya cinye masa jari, sai ya tsaya ya ce: "Baba, ka ga ƙarshen kasuwa ke nan. Me zai sa mutum ya wahalar da kansa? Gara in bar ciniki in zauna a zawiya."

Tambayar wannan saurayi ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana kama da zuhudu, kuma abin da ya gani gaskiya ne. Ba ƙaramin kanti kaɗai ke zama kango ba. A Kalaba an buɗe katafariyar kasuwar zamani ta Tinapa a 2007 da burin ta jawo ƴan kasuwa daga ko'ina, shekaru suka shuɗe mafi yawan shagunanta babu kowa. A Amurka ma akwai manyan gidajen shaguna da aka bar wa ɓeraye, matasa na shiga suna ɗaukar bidiyo. To in ko ginin biliyoyi bai tsira ba, ina ga rumfar mai wake?

Sai dai kallon kango iri-iri ne. Akwai kallon gafala, wanda mai shi ke neman abin nishaɗi. Akwai kallon karaya, wanda nafsu ke sa wa rigar tsoron Allah alhali gajiya ce da tsoron sake yin asara. Sannan akwai kallon i'itibari, shi ne wanda Alƙur'ani ya yi umarni da shi inda ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Bambancinsu ba ya bayyana a fuska. Yana bayyana a abin da mutum ya aikata bayan ya fito.

A Suratul Baƙara, aya ta 259, an ba da labarin mutumin da ya wuce wata alƙarya da ta rushe, ya yi mamakin yadda za a rayar da ita. Allah Ya matar da shi shekara 100, sannan Ya tashe shi. Ya tarar abincinsa da abin shansa, waɗanda kwana kaɗan kan lalata, ba su sauya ba, jakinsa kuwa ya zama ƙasusuwa. Ashe hasashen ɗan Adam kan abin da zai dawwama da abin da zai lalace ba abin dogaro ba ne. Mai ginin kanti ya ɗauka bango ne zai jima, cinikin yini guda kuwa ya wuce da faɗuwar rana. Al'amarin ya zo akasin haka.

Dattijon ne ya nuna wa samarin wannan, ba da wa'azi ba. Ya durƙusa ya dafa gindin sikelin, ya ce: "Yaro, a nan na yi awo ina saurayi kamarka. Manomi zai zo da buhu, bai iya karanta lamba ba, in faɗi abin da na ga dama. Kilo ɗaya nan, biyu can. Mai kantin ya rasu, littafin akawu gara ta ci, kuɗin ban san inda suka shiga ba. Amma fuskokin mutanen nan har yau ina ganinsu in na ɗaga hannu zan yi kabbara."

Ya ce ya bi ƙauyuka ya sami magadan kaɗan daga cikinsu, ya biya ya nemi gafara. Sauran kuwa, da bai san sunansu ba balle zuriyarsu, malamai suka ce masa ya ƙiyasta abin da ke kansa, ya kyautata ƙiyasin, ya yi sadaka da niyyar ladan ya je gare su. Haka hukuncin yake: istigfari kaɗai ba ya sauke haƙƙin bawa. Duk kaka yana fitar da tiyoyin gero a kan wannan niyya, kuma bai san ko ya kai ba.

Ga amsar tambayar saurayin. Kango bai ce ciniki banza ba ne. Abin da ya ce shi ne, cikin ciniki akwai mai rushewa da marar rushewa. Rumfa, jari, suna da riba duk na tafiya. Awo kuwa yana nan a rubuce, wanda aka cika da wanda aka tauye, kuma sura guda, Suratul Muɗaffifina, ta buɗe ne da narko a kan masu tauye mudu. In tauyewar shekara 50 ba ta goge ba, cikawa ma ba ta gogewa. A layin sikelin nan akwai waɗanda suka yi awo da gaskiya, suka jinkirta wa mai bashi, suka ciyar da almajirai daga ribarsu. Su ma kantinsu ya rushe, amma ba su yi asara ba.

Shi ya sa Imam Gazali ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u a kan ladubban neman abinci, bai kori muridi daga kasuwa ba. Zuhudu fitar da dukiya ne daga zuciya, ba zare hannu daga aiki a bar uwa da ƙanne su ci bashi ba. Wanda ya bar sana'a don jarinsa ya karye, ya kira hakan tawakkali, har yanzu jarin ne ke juya shi. Muraƙabar da ake nema a halarar zikiri, a bakin mudu ake gwada ta, lokacin da mai saye ya waiwaya.

Saurayin bai ce komai ba har suka fito, ana kiran magariba. Ran Alhamis ya kama hanyar Maigatari da buhu biyu na wake da ya karɓa bashi, tiyarsa a hannu.

Allah Ya tsare ƴan'uwa daga haƙƙin bayinSa, Ya sa albarka a sana'o'insu, Ya nauyaya mizaninsu ranar awo, albarkacin Annabin rahama, sallallahu alaihi wa sallam. Amin.