Ko Daidai Ne Mu Shuka Abin Da Ba Za Mu Ci Ba?

A ƙasar Amurka da Kanada, sa'ad da sanyi ya wuce, zafi ya shigo, watau daga watan Yuni zuwa Agusta, mutane da yawa su kan yi lambun furanni a ƙofar gida. A dā sun fi son baƙin furanni, waɗanda aka kawo daga Turai ko Asiya domin kyaun gani. Amma yanzu waɗansunsu sun koma ga ciyayin ƙasarsu, har da irin waɗanda kakanninsu su ke nomewa su zubar. Ba a cin waɗannan ciyayi, ba a kuwa sayar da su a kasuwar abinci. Ana shuka su saboda ƙudan zuma, da tsuntsaye, da malam-buɗe-littafi.

Manomi a cikinmu in ya ji wannan zai yi dariya, ya ce aikin wanda ya ƙoshi ne. Ba za mu raina maganarsa ba, gama akwai gaskiya a ciki. Amma tambayar ta isa a zauna a kanta: ko daidai ne mutum ya ba da ƙasarsa da guminsa ga abin da ba zai shiga rumbunsa ba? Bari mu ji labarin tukuna, kāna mu auna.

Akwai wani malam-buɗe-littafi a can mai fikafikai ruwan lemo da baƙin layi. Suna ce da shi monak, watau sarki. Kowace shekara, in sanyi ya gabato, ya kan tashi daga Kanada da arewacin Amurka ya nufi kudu, tafiyar da ta kan kai kilomita 4,000, har ya sauka a kan duwatsun ƙasar Meziko, a jihar Michoacan da kewayenta. Can su ke taruwa a kan itatuwa, miliyoyinsu, har rassa su sunkuya. Mutanen ƙauyukan wurin sun san su tun kaka da kakanni, amma masana ba su gano wurin ba sai a watan Janairu 1975, bayan wani malamin jami'ar Toronto, Fred Urquhart, da matarsa Norah sun yi shekaru masu yawa suna bin sawu.

Ga abin mamaki. Waɗanda su ka kwana a Meziko ba su ne su ke komawa can ba. Su kan tashi arewa, su yi ƙwai a hanya, su mutu. 'Ya'yansu su ci gaba, su ma su yi makonni kaɗan su mutu. Sai tsara ta uku ko ta huɗu ce ta ke juyowa kudu, ta sauka a duwatsun da ba ta taɓa gani ba. Dukan wannan tafiya kuwa a kan ganyen ciyawa iri ɗaya ta ke rataye. Sunanta milkwid, watau ciyawa mai nono, saboda farin ruwan da ke fita in an karya ta. A kanta kaɗai uwar ta ke yin ƙwai, ita kaɗai tsutsar ta ke ci. Dafin wannan ruwa ya kan zauna a jikin tsutsar, shi ya sa yawancin tsuntsaye su ke ƙyale ta.

Daga shekarar 1996 manoman Amurka su ka soma shuka irin masara da waken suya waɗanda maganin ciyawa ba ya kashewa. Sai a fesa gona duka, amfanin gona ya tsaya, sauran kome ya bushe. Ciyawa mai nono ta ɓace daga gonaki. A sanyin 1996 zuwa 1997 garken monak ya rufe hekta 18 na kurmin Meziko. A sanyin 2013 zuwa 2014 bai kai hekta ɗaya ba. Saran itace a kurmin, da fari, da guguwar sanyi, su ma suna da hannu. Babu manomin da ya tashi da nufin hallaka malam-buɗe-littafi. Kowa gonarsa ya ke gyarawa. Ganin haka, a 2005 wata ƙungiya a jami'ar Kansas mai suna Monarch Watch ta roƙi mutane su shuka ciyawan nan a gidajensu, da makarantu, da bakin hanya, su zama zango ga matafiyin. Dubbai su ka amsa.

Kada mu ce labarin nesa ne. Wannan ciyawa 'yar'uwar tumfafiya ce, danginsu ɗaya. In mun duba ganyen tumfafiya da kyau za mu iske tsutsa mai zane-zane tana ci. Ita ce ta ke zama malam-buɗe-littafin nan namu mai ruwan lemo da farin ɗigo a bakin fiffike, ɗan'uwan monak. Sau nawa mu ka wuce shi ba mu kula ba?

To, yanzu mu auna.

Da fari, mai dariya yana da hujja. Wanda yaransa su ke kwana da yunwa, ba za mu ce ya bar gero ya shuka fure ba. Ran mutum ya fi na ƙwaro. Wanda ya ji tausayin malam-buɗe-littafi amma ya rufe ido ga maƙwabcinsa, tausayinsa ya ɓata hanya. A kan wannan babu gardama.

Na biyu, sau da yawa abin da mu ke tsammani kyauta ce, biyan bashi ne. Dubi kabewa. Furen namiji dabam, na mace dabam. In ƙudan zuma bai ɗauki garin wannan ya kai wa wancan ba, 'yar kabewar sai ta yi yaushi ta faɗi. Haka kankana ta ke. Furen kuka da almuru ya ke buɗewa, jemage ne kuwa ya ke ziyartarsa da dare. Jajayen furannin ɗorawa, jemagu da ƙudan zuma su ke yi musu wannan hidima, in babu su kalwa za ta ragu, daddawa ta yi tsada. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare ya ke shan ruwan kasko. Mun daɗe muna zaton mu ne kaza. Ashe a miyarmu ta kowace rana mu ne ƙadangare.

Na uku, kuma nan ne tambayar ta yi wuya. Monak ba shi da wani babban amfani ga gonar Ba'amurke. In ya ƙare, masararsu ba za ta ragu ba, gama iska ce ke kai garin furen masara. To, in babu riba, da sauran dalili? Mun ce akwai. Ba mu ne mu ka yi shi ba, ba kuwa za mu iya komo da shi ba in ya ƙare. Abin da ba mu iya yi ba, kada mu yi gaggawar sharewa. Mutum wakili ne a gonar da aka danƙa masa, wakilin kirki kuwa ba ya zubar da kayan maigida don bai san amfaninsu ba. A Littafin Firistoci sura 19 an hana manomi girbe gonarsa har gefe, an hana shi yin kala a bayansa. Gaskiya ce saboda matalauci da baƙo aka yi dokar, ba a ambaci ƙwaro ba. Amma halin da ta ke koyarwa ɗaya ne: kada hannunmu ya kwashe duka. Zuciyar da ta saba barin gefe ga ƙaramin abu ba za ta yi wuyar barinsa ga gwauruwa ba.

Saboda haka amsarmu ita ce, daidai ne, muddin ba a tauye hakkin mutum ba. Ba ma bukatar irin furen Amurka, gama abin da ya ciyar da ƙwarin can ba lalle ya ciyar da namu ba. Darasin shi ne kowace ƙasa ta riƙe nata. Mu bar tumfafiya ɗaya ko biyu a kan iyaka, muna gargaɗin yara kada ruwanta ya shiga ido. Mu bar 'yar kuka da 'yar ɗorawa da su ka tsiro da kansu. In za mu yi feshin maganin ƙwari, kada mu yi sa'ad da ƙudan zuma su ke kan fure. Mai cire zuma kuma kada ya ƙone amya duka.

Ya ku 'yan'uwa, damina tana zuwa. Kafin fartanya ta sauka a gefen gona, bari kowannenmu ya tsaya kaɗan, ya juya ganyen ya duba, ya ga ko akwai wanda ke cin abincinsa a wurin.