Wa Ke Tsaron Shago Idan Baba Ya Tafi Masallaci?



Makon jiya wani abu ya faru a shagona da ya hana ni barci, na ga gara in kawo shi nan ko da ni zan sha kunya. An kira Azahar, na bar ɗana mai shekara 11 a shago na zo jam'i. Wata mata ta auni shinkafa, ta tafi ta manta canjinta, naira 500. Yaron ya gani, bai kira ta ba, ya soke kuɗin a aljihu. Da dare uwarsa ta tsince su a wandonsa. Na tsare shi, har na ɗauko bulala, sai ya ce: "Baba, ai ba sata na yi ba, ita ta manta. Kuma ran Asabar na ji ka rantse wa wani cewa haka ka saro, alhali na san ba haka ka saro ba."

Jikina ya yi sanyi, na ajiye bulalar. Yaron nan ba ya fashin Islamiyya, ya haddace izu biyu, Suratul Muɗaffifin da ke gargaɗin masu tauye mudu tana kansa. Amma karatun da ya zauna masa shi ne wanda ya ɗauka a bayan kanta, ba wanda ya ɗauka a allo ba. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To, tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce: yaron da ke yin daidai don ana kallonsa, ya samu tarbiyya, ko kuwa tsoro kawai ya samu?

A garuruwan da iyayenmu suka baro, ƙasar Kano, Katsina, Zazzau ko Sakkwato, ɗa na kowa ne. In ya kauce, kafin ya kai ƙofar gida baffa ko gwaggo ko maƙwabci ya tsawata masa. Nan Sabon Gari ba haka ba ne. Da yawanmu ba kaka, ba kawu, daga miji sai mata sai ɗakin haya. Uba ya fita kasuwa tun safe sai bayan Isha'i. Gobe yaron nan zai shiga Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Keffi, ko ya hau mota ya tafi neman abinci Masaka, Mararaba ko cikin Abuja. Can wa zai sa masa ido? Ga waya a hannu, ga shagunan cacar ƙwallo, ga abokai iri-iri. In bulala ce kaɗai ke riƙe da shi, ranar da ya yi mata nisa shi ke nan.

Malamai suna yawan ba mu labarin yarinyar nan ta Madina a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda. Uwarta ta ce ta ƙara ruwa a nonon da za su sayar, tunda Halifa ba ya gani. Yarinya ta ƙi, saboda Ubangijin Halifa yana gani. Umar yana jin su daga waje, ya aurar da ita ga ɗansa Asim, kuma daga zuriyarta aka samu Umar ɗan Abdul'aziz. Ku lura, a wurin ciniki aka gwada ta, cikin dare, ba mai duka a kanta. Irin wannan zuciyar muke nema wa 'ya'yanmu.

Na san wani zai ce: "Malam Sakatare, mu ai duka muka sha, kuma ga mu mun zama mutane." Ban ce a daina tsawatarwa ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma mu duba hadisin da muke kafa hujja da shi, wanda Abu Dawuda ya ruwaito: a umarci yaro da salla yana da shekara 7, horo sai ya kai 10. Shekara uku ke nan, salla biyar kullum, tunatarwa sama da sau 5,000 kafin a kai ga hannu. Mu kuwa sau nawa muke faɗa kafin mari? In salla, ginshiƙin addini, an ba ta wannan haƙurin, ina ga sauran?

Sannan zaɓi ma koyonsa ake yi, kamar lissafin canji. Yaron da ba a taɓa bari ya yanke komai ba, sai "tashi", "zauna", "yi shiru", ranar da ya tsinci kansa shi kaɗai, wanda ya fi ƙarfin murya a cikin abokansa zai bi. Ba shi ɗan kuɗin kashewa, ka tambaye shi yadda ya yi da su. In ka hana shi abu, gaya masa dalili, kamar yadda Luƙmanu ya zaunar da ɗansa yana yi masa bayani cikin taushin murya. In ya faɗi gaskiya a kan laifinsa, sassauta masa, don kada ya koyi cewa ƙarya ta fi riba. Uwa kuma ta daina cewa "je ka ce ba na nan", don wannan ma darasi ne.

Kada mu manta a tsakiyar jama'a muke zaune: Gwandara, Eggon, Mada, Yarbawa, Ibo, Musulmi da Kirista. Da yawansu ba za su taɓa zama a karatunmu ba. Abin da za su sani game da addininmu shi ne mudunmu da canjin da yaranmu ke mayarwa.

Washegari ni da yaron muka nemo matar, ya miƙa mata kuɗinta da hannunsa. A hanyar dawowa na ce masa abin da ya ji ran Asabar kuskurena ne, na tuba, in ya sake ji ya tuna mini. Wallahi wannan maganar ta fi mini mayar da kuɗin nauyi.

Allah Ya shirye mu, Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin. Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci
Sabon Gari, Keffi