Kala Ko Sata?

A shekarar 1983 wani kamfani na ƙasar Japan mai suna Nintendo ya fito da wani ɗan akwati wanda a kan haɗa da talabijin don yin wasa. A Japan sunansa Famicom, da ya isa Amurka a 1985 sai aka sa masa NES. Kowane wasa yana cikin kaset nasa dabam, sai mutum ya saya, ya cusa a bakin akwatin, sa'an nan hotuna su fito, ya riƙa juya su da maɓallai. A wannan shekara ta 1985 aka fito da Super Mario Bros., wasan wani gajeren mutum mai gashin baki da jar hula. Yaran da suka yi wasa da shi a lokacin yanzu furfura ta fara kama su. Akwatunan da yawa sun mutu, kamfanin kuma ya daina ƙera Famicom tun 2003.

To, amma wasannin ba su mutu tare da akwatunan ba, domin masu ilmin kwamfuta sun sami dabara. Su kan rubuta wa sabuwar na'ura umarni, ta riƙa kwaikwayon tsohuwa. Aikin wannan makwaikwayi kamar na tafinta ne a gaban alƙali. Wasan yana magana da harshen tsohon akwati, shi kuwa makwaikwayi yana juya kowace kalma zuwa harshen sabuwar na'ura nan take. A 1997 wani mutumin Italiya, Nicola Salmoria, ya fara wani makwaikwayi mai suna MAME, da nufin kada tsofaffin wasanni su ɓace, ya kuma bar rubutun aikinsa a buɗe, mutane daga ƙasashe dabam dabam suka yi ta ƙara masa ba da lada ba. A 2012 aka fito da Raspberry Pi a Ingila, watau kwamfuta wadda ba ta fi tafin hannu ba, a kan dala 35. Wanda ya sa mata RetroPie, wanda a ke bayarwa kyauta, ya sami akwatin wasa mai iya kwaikwayon tsofaffin akwatuna masu yawa. Daga baya masana'antun ƙasar Sin suka cika kasuwa da ƙananan na'urorin hannu masu araha, da yawansu kuwa da irin wannan aiki na kyauta su ke tafiya.

Sai dai makwaikwayi shi kaɗai kamar tukunya ce ba tsaba. Dole a kwafo wasan daga cikin kaset a zuba masa. Galibin mutane kuwa ba su da kaset, daga intanet su ke ɗebowa, ba tare da sun biya kowa ba. A nan tambaya ta taso. Wanda ya ɗauki wasan da mai shi ya daina sayarwa shekara talatin, kala ya yi ko sata?

Kafin a amsa, ya kamata a raba makwaikwayi da wasa, gama shari'a ma ta raba su. Kamfanin Sony ya kai ƙarar wani kamfani mai suna Connectix saboda ya yi makwaikwayin PlayStation, amma a shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba Connectix gaskiya, ta ce binciken yadda na'urar wani ke aiki don a ƙera wadda za ta yi irin aikinta bai saɓa wa doka ba. Abin mamaki, a 2018 da Sony ya fito da ƙaramin PlayStation na tuna baya, makwaikwayin da ya sa a ciki na masu aikin kyauta ne. Wasan kansa kuwa hukuncinsa dabam. A dokar Amurka, aikin da kamfani ya wallafa yana hannunsa shekara 95, watau Super Mario Bros. ba zai zama na kowa da kowa ba a can sai 2080 ta ƙare. A 2018 Nintendo ya kai ƙarar wani mutum da matarsa a jihar Arizona saboda suna rarraba kwafin wasanninsa a intanet, aka yanke za su biya fiye da dala miliyan 12.

Masu cewa kala ne suna da hujja mai nauyi. A 2023 wata ƙungiyar adana tarihin wasanni a Amurka ta yi lissafi, ta tarar cikin kowane wasa 100 da aka fitar a ƙasar kafin 2010, guda 87 ba a sayar da su yanzu. A watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe kantinsa na intanet na 3DS da Wii U, alhali wasanni da yawa a can kaɗai a ke samunsu. Kaset yana lalacewa, faifai yana ruɓewa, kamfani yana karyewa, takardunsa su watse. An riga an ga irin wannan hasara. A 2013 babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya ba da rahoto cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan bebaye da aka yi a ƙasar sun ɓace ƙurmus. Saboda haka su ke cewa, in mai gona ya kwashe amfaninsa ya tafi, tsohuwar da ta bi bayansa tana tsintar zangarniya ba ta rage shi da kome ba, da ta bari ma gara ce za ta cinye. Sun ƙara da cewa wanda ya saci akuya ya raba mai ita da ita, amma wanda ya kwafi wasa ya bar na mai shi a inda ya ke.

Masu cewa sata ce su ma ba su rasa ta cewa ba. Kala da sanin mai gona a ke yinsa, bayan ya gama, al'ada kuma ta yarda. Nan kuwa mai abu bai ce ya gama ba. Gonar da aka bari saura tana hutawa ne, mai ita zai komo. Ga shaida: a 2016 Nintendo ya fito da ƙaramin NES mai wasanni 30 a ciki, a kan dala 60, mutane suka yi ta rububi har ya yi wuyar samu. Ashe tsohon wasa bai daina zama dukiya ba. Ban da haka, tsohuwa mai kala yunwa ce ta fito da ita, amma ba a taɓa jin wanda rashin wasa ya kwantar ba. In kowa ya zama alƙalin kansa, ya riƙa yanke cewa mai abu ya yi sakaci da abinsa, to, ba dukiyar da za ta tsira.

Wanda ya auna maganganun nan biyu zai ga kalma ɗaya ba ta isa ta rufe dukan masu wannan aiki ba, gama sun kasu uku. Na farko shi ne mai adana, wanda ya kwafi wasa don kada ya ɓace, ya rubuta sunan masu shi da shekararsa, bai nemi kwabo ba. Wannan kamar mai tsintuwa ne da ya ajiye kaya yana cigiya, godiya ta kamace shi. Na biyu shi ne mai wasa a ɗakinsa. In ya sayi kaset da kuɗinsa, akwatinsa ya mutu, ya kwafa don kansa, da wuya mai hankali ya kira shi ɓarawo. In kuwa wasan da ba a sayarwa ko'ina ya ɗebo, laifinsa ƙarami ne, ko da ya ke doka a ƙasashe da yawa ba ta wanke shi ba, kuma akwai bashi a wuyansa: ran da mai abu ya buɗe kanti, sai ya biya. Na uku shi ne ɗan kasuwa mai cika ɗan kati da wasanni dubbai, har da waɗanda a ke sayarwa yau, ya haɗa da na'ura ya karɓi kuɗi. Shi bai rubuta wasan ba, bai rubuta makwaikwayin ba, ya ci gumin mutum biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ba mai kala ba ne, rumbu ya fasa.

Duk da haka, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Doka ta ba mawallafi haƙƙi na wani lokaci domin ya ci moriyar wahalarsa, jama'a kuma su amfana da aikin, daga baya ya zama nasu. Wanda ya riƙe haƙƙi shekara 95, bai sayar ba, bai adana ba, bai kuma bari wani ya adana ba, ya karɓi rabonsa na alkawari ya hana jama'a nasu. Ɗakunan karatu a Amurka sun nemi izinin nuna wa masu bincike tsofaffin wasanni ta intanet, ƙungiyar kamfanonin wasanni ta yi tsaye a kan kada a ba su, a watan Oktoba na 2024 kuma ofishin haƙƙin mallaka ya ƙi. Akwai waɗanda suka bi wata hanya. Kamfanin id Software ya fito da wasan Doom a 1993, a 1997 ya buɗe wa duniya rubutun injin wasan, ya riƙe haƙƙin hotuna da matakansa. Yau Doom yana tafiya a kan na'urori iri iri waɗanda masu shi ba su taɓa tunani ba, kuma har yanzu ana sayensa.

Saboda haka wanda ya tashi sayen irin wannan na'ura mai araha, babu aibi a kan na'urar, babu kuma a kan makwaikwayin da ke cikinta. Abin da ya kamata ya duba shi ne katin da aka haɗa masa. Wasan da mai shi ke sayarwa, ya saya. Wanda aka bayar kyauta, ya ɗauka ya gode, akwai su kuwa da yawa, kamar na ƙaramar na'urar nan Arduboy. Wanda ya rage tsakani, ya riƙe shi riƙon tsintuwa, kada ya kai shi kasuwa, kada kuma ya manta yana da mai shi.