Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Wanda ya fara cewa kayan aro ba ya rufe katara, zane yake gani ko riga, wadda aka yanka daidai jikin mai ita. Ka are ta don zuwa biki, a tsaye ta yi maka kyau, amma da ka zauna sai ta ɗage. Haka za ka yini kana jan ta ƙasa, kana kaffa-kaffa kada miya ta ɗiga, domin telan da ya ɗinka ta bai taɓa auna ka ba.

Inda maganar ta fi faɗo mini a rai yanzu shi ne wurin samarinmu masu buga PUBG Mobile, wanda a Damazin da Rusairis ake ce wa Babji. Tun da ya sauko kan waya a 2018 ya samu gindin zama. Je shagon cajin waya bayan la'asar, za ka tarar da kawuna huɗu a haɗe, Hausa da Larabci na cakuɗuwa, wani yana ihun a zo a tashe shi kafin a ƙarasa shi. Abin da aka fi roƙo a wurin shi ne kod. Wasan ya ba mutum damar dunƙule saitinsa, wato saurin juyawar kyamara da yadda kowane madubin bindiga ke motsi, ya mayar da shi jerin lambobi, wani ya kwafa ya liƙa a tasa wayar.

"Yaya, don Allah turo min kod ɗin hassasiyya na Atro," in ji ƙaramin cikinsu, yana nufin saitin wani gwanin wasan.

"Na shekaranjiya fa? Ba na Paraboy na ba ka ba?"

"Wannan bai yi ba, bindigar sama take tafiya."

Ai dole ta tafi sama. Paraboy ɗan Sin ne, yana cikin ƙungiyar Nova lokacin da ta ci gasar duniya ta wasan ta 2020 da ta 2021. Lambobinsa an daidaita su ne da wayar da ke fitar da hoto 90 a daƙiƙa guda, da yatsun da suka yi shekaru suna abu ɗaya. Yaron nan kuwa tsohuwar Tecno ce a hannunsa, mai tsagaggen gilashi, wadda da ƙyar take kai hoto 30, kuma a zafin watan Afrilu na Damazin tana ɗaukar zafi ta rage gudu da kanta. Jan yatsa na santimita ɗaya a kan iPad da a kan ƙaramar waya ba juyi ɗaya suke bayarwa ba. Gwanaye da yawa da jairoskob suke danne bindiga, su karkatar da wayar ƙasa yayin da harsashi ke fita, alhali wasu wayoyi masu araha ba su da wannan na'ura ta gaskiya. Sau da yawa mai kod da yatsu huɗu ko biyar yake wasa, mai aron kuma da manyan yatsu biyu.

Sai kuma layi. Gwani a zauren gasa, da ya taɓa harbi ya fita. A nan saƙon sai ya je wata ƙasa ya dawo, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 samun layin ma sa'a ce. A Fabrairun 2024 Zain da Sudani da MTN duk sun ɗauke a kusan faɗin Sudan. Garin da ke maƙwabtaka da madatsar Rusairis, wadda aka gama tun 1966 kuma take ba ƙasa wuta, shi ma yakan kwana a duhu. Babu kod ɗin da ke ɗauke da maganin wannan.

Masu wasa a kwamfuta ma haka suke. A Counter-Strike da Valorant akwai lambar kwafar alamar saiti, ɗan gicciyen nan da ke tsakiyar fuska, kuma dubban mutane suna ɗauke da ta s1mple, ɗan Yukren da ya ci babbar gasar Stockholm da ƙungiyar NAVI a 2021. Amma su kansu gwanayen ba su haɗu a kan lamba ɗaya ba. Saurin linzamin woxic na Turkiyya ya kusa ninka na s1mple, dukansu kuma sun buga a matakin ƙoli. TenZ na Kanada ya yi suna wajen yawan sauya saiti, amma harbinsa bai lalace ba, don gwanintar a hannunsa take zaune.

Duk da haka karin maganar bai hana aro ba, kuma ban yarda da dattawan da ke amfani da shi don kashe wa yaro gwiwa ba. Iyakar aron kawai ya nuna. Wanda bai taɓa buɗe shafin saiti ba, kod ɗin gwani zai nuna masa cewa madubi mai ninki shida yana son motsi a hankali fiye da jan ɗigo, kuma maɓallin harbi yana iya komawa hagu. Alamar saiti kuwa aronta ba shi da wata illa, in dai idonka yana ganinta. Ɓarnar tana wajen wanda ke sauya kod duk ranar da aka kashe shi. Hannu da maimaici yake koyo, shi kuwa kullum sabon awo yake ba shi. Waɗanda na ga sun yi gaba su ne masu shiga filin atisaye da bindigar M416, su zazzage harsashi a bango, su duba inda ramukan suka nufa, su rage biyar ko su ƙara biyar, sannan su bar lambobin su yi makonni.

Mai ba da aron fa ba ya asara. Kowane sabon kod sabon bidiyo ne, YouTube kuma da yawan kallo yake biya. Shi ya sa duk sanda aka sabunta wasan, kusan kowane wata biyu, sai ka ga bidiyoyi sun fito a jere, kowanne yana rantsuwa cewa da nasa kod ɗin bindiga ba za ta ƙara motsi ba.