Kwana Ya Ƙare, Ko Hanya Ta Yi Nisa?

Idan mace ta rasu a kan gwiwa, maganar da muke yi a zauren ta'aziyya ba ta wuce biyu ba: kwananta ya ƙare, kuma ta yi shahada. Duka biyun gaskiya ne, ba ma jayayya da su, domin ya zo a Hadisi cewa wadda ta mutu wajen haihuwa tana cikin shahidai. Abin da muke son mai karatu ya tsaya ya duba tare da mu shi ne, shin wannan magana ta wanke mu da muka rage a raye? Ladan shahada nata ne. Mu da muka bar ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, mene ne namu?

Bahaushe ya ce mutuwa rigar kowa. To amma wannan riga ta wajen haihuwa kamar an auna wasu aka ɗinka musu ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 287,000 ne suka mutu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa, kuma wajen 82,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Wani bincike da aka buga a 2017 a kan Jihar Jigawa ya samu mutuwa 1,012 a cikin kowace haihuwa 100,000. A cikin Jigawar ma ba ɗaya ba ne. Matar ma'aikaci da ke zaune cikin garin Birnin Kudu, kusa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, a bakin titin da ya taso daga Kano, ba za a haɗa ta ba da matar manomi ko ta makiyayi a wani ƙauye can bayan Fagam ko Farin Dutse a ƙasar Gwaram, inda idan damina ta kankama sai rafi ya raba mutane da titi. Jini ɗaya ne ke ɓalle musu, jijjiga ɗaya ce ke kama su. Guda ta tashi, guda an yi mata sutura.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, ya ga cewa galibin waɗanda suka mutu su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su ranga-ranga. A 1994 kuma wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa matsalar gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Duk wanda ya zauna a karkararmu ya san waɗannan ukun ba tare da ya buɗe littafi ba.

Na farkon shi ya fi ci mana rai, domin a cikin gidajenmu yake. Mun koya wa 'ya'yanmu mata cewa kunya ado ce, mai haihuwar fari ba ta kuka, ba ta ma faɗin cewa naƙuda ta zo. Mun ce haihuwa yaƙin mata, sai muka mai da zuwa asibiti tamkar gudu daga fagen fama. Maigida ya tafi cin kasuwar Sara ko ya tafi cin rani, babu mai ikon cewa a fita da ita sai ya dawo. Ungozoma kuwa, a al'adarmu, aikinta yanke cibi da wanka, ba a kiran ta sai ɗa ya faɗo. Kafin a gama rubutun sha da jiƙe-jiƙe, rana ta faɗi. Alhali zubar jini bayan haihuwa na iya gamawa da mace cikin sa'o'i biyu, kuma allurar da ke tsayar da shi ba ta kai kuɗin ragon suna ba, ko kusa.

Kada mai karatu ya zaci talauci ne kaɗai. Mu leƙa Amurka, ƙasar da ba ta rasa likita ko titi ba. Alƙaluman hukumar lafiyarsu na 2021 sun nuna mace baƙar fata 69.9 ke mutuwa cikin haihuwa 100,000, farar fata kuwa 26.6. Har ma an gano cewa baƙar da ta gama jami'a ta fi farar da ba ta gama sakandare ba shiga haɗari. A 2017 shahararriyar 'yar wasan tanis Serena Williams, kwana ɗaya bayan an yi mata tiyatar haihuwa, ta ji numfashinta na sarƙewa, ta gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa gudan jini ne a huhunta, domin ta taɓa fama da shi. Aka ɗauka magani ne ya ruɗa ta. Sai da ta nace aka ɗauki hoto, aka tarar yadda ta faɗa ɗin ne. Ga kuɗi, ga suna, amma da ƙyar aka saurare ta.

Mu nan duk launinmu ɗaya, saboda haka muna iya cewa wannan ciwon nasu ne. Laifi tudu ne. Abin da launin fata ke yi a can, shi tufafi da harshe da ƙauyanci ke yi a nan. Wa bai taɓa ganin yadda ake daka wa baƙauyiya tsawa a layin awo ba, ko yadda Bafillatanar da Hausarta ba ta nuna ba take tsugune a gefe har a tashi? Wadda aka wulaƙanta sau ɗaya ba ta komawa, kuma za ta gaya wa kishiyarta da ƙanwarta. Ba mu manta ba cewa ma'aikaciya ɗaya kan kwana a kan mata masu yawa, ba wuta, ba isassun kayan aiki. Gajiya gaskiya ce. Sai dai mun lura gajiyar ba ta cika sauka a kan matar Alhaji ba.

A nan ne maganar ƙaddara take buƙatar natsuwa. Imani da ƙaddara bai taɓa hana manomin Gwaram yin shuka da ruwan fari ba, bai hana shi sayen taki ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya doshi Sham aka ce masa annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma bai ɗauki hakan gudun ƙaddara ba. Abin da ya auku ya wuce, shi muke sallamawa. Abin da bai auku ba tukuna, amana ce a hannunmu. Idan muka ga mutuwa tana bin hanyar da ba kwalta, tana tsallake gidan mai mota ta faɗa gidan mai amalanke, shekara da shekaru ba ta saɓa ba, to akwai hannun ɗan Adam a ciki, kuma jingina wa Allah sakacinmu rashin ladabi ne gare Shi.

Ba a zauna haka nan ba. An yi shirin Haihuwa Lafiya a jihar nan, an sa direbobin tasha cikin aikin ɗauko masu naƙuda, kuma tun 2008 Ƙungiyar Likitoci ta MSF take karɓar haihuwa da ɗinkin yoyon fitsari a asibitin Jahun. Ga makarantar koyon jinya a Birnin Kudu, wadda ba za ta cika da 'yan ƙauyukanmu ba sai mun bar su sun gama sakandare. Mu ne masu cewa ba ma son namiji ya duba matanmu, mu ne kuma masu cire yarinya daga aji uku.

Akwai abin da ba ya jiran gwamnati. Maigida zai iya barin izini tun cikin yana wata bakwai, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da maƙwabcinsa cewa ko ba ya nan a fita da ita. Zai iya ware kuɗin mota kafin na goron suna. Sannan ga batun jini. Sau da yawa likita kan fito ya ce ana neman leda biyu, sai 'yan rakiya su shiga kallon ƙasa, wannan ya ce bai karya ba, wancan ya ce noma ya tsotse shi. Washegari kuwa sahu biyar ake yi a ƙofar gida wajen sallar jana'izarta, har da waɗanda suka yo hayar mota daga Kano.