Ƙa'idar Takarda da Ƙa'idar Kasuwa

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani kowace sana'a tana da ƙa'idoji iri biyu. Akwai na takarda: farashi, rasit, ranar biyan bashi. Akwai kuma waɗanda ba a rubuta ba, amma kowa ya san su: la'adar dillali, gyaran mai sayen hatsi, sallamar yaron shago bayan ya yi wa ubangidansa shekaru. Je ka Kantin Kwari ko Dawanau, ka ga yadda dukiya ke yawo a kan maganar baka kawai.

To, wacce ce ta hau kanka? Duka biyun. Malaman fiƙihu sun ce abin da al'ada ta tabbatar kamar sharaɗin da aka ambata ne, muddin bai saɓa wa shari'a ba. Wanda ya hana dillali la'adarsa, wai don ba a rubuta ba, ya ci haƙƙi. Wanda kuma ya tauye mudu ko ya yi algus, wai haka kasuwa take, al'ada ba za ta cece shi ba.

Sai dai maganar baka tana mutuwa da mai ita. Ubangida ya rasu, magada su ce ina takarda, yaro ya tashi a tutar babu. Ka lura, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ka rubuta, ka kafa shaidu, ko da yayanka kake ciniki da shi. Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin mutane.